Dakta Ɗantani da Akuyar Inna

Ɗantani ya dawo daga Jos a shekarar da aka sami mulkin kai, bayan shekara tara ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Abin da ya dawo da shi bai taka kara ya karya ba: farar riga irin ta ma'aikatan asibiti mai aljihu a ƙirji, da wani ɗan akwatin ƙarfe mai ɗauke da sirinjin gilashi, sai kuma baki. Aikinsa a can wanke kwalabe ne da sharar daɓe a wani kantin magani, amma tun daga tashar mota ta Bodinga ya fara gaya wa mutane su riƙa ce masa Dakta. Kafin ya iso ƙauyensu, nan kusa da Dandin Mahe, ya riga ya yi wa Turawa uku fiɗa da bakinsa.

Shirinsa kuwa babba ne. Zai mai da zauren gidansu asibitin dabbobi, Mai gari ya rubuta wa hakimi, hakimi ya rubuta Sakkwato, daga can a aiko masa da keke da hular hana salla. Abu ɗaya ya rage, wato majinyaci. Wata biyu yana zagaya gari da akwatinsa, ko kaza mai mura ba wanda ya miƙo masa.

Ana nan sai akuyar mahaifiyarsa, Inna Hasiya, ta kwanta. Kare ne ya cije ta a cinya, wurin ya rurure ya kumbura. Ita kaɗai ta rage wa Inna, kuma jika ce ta jikar akuyar da marigayiya uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta gidan miji daga Sifawa, shi ya sa ake ce mata 'Yar Sifawa. Ga shi tana da tsohon ciki. In ta mutu, irin ya ƙare ke nan.

Inna ta taka da ƙafa har Bodinga. Ta tarar malamin dabbobi yana ɗaure kaya zai shiga rugage allurar shanu. Ya ba ta kwalbar fenisilin, ya ce allura ɗaya kowace rana har kwana biyar, ta nemi wanda ya iya. Tana dawowa gida kuma sai ga saƙo daga Shagari, wai 'yarta Rahamatu ta sauka, a zo suna. Ba yadda za ta yi, dole ta bar amanar a hannun Ɗantani.

Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa ambatar sunansa ba tun da ta haife shi. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kayanta a ka, ta ce, "Kai wanga, saurara da kyau. Tana nan kwance ƙarƙashin rumbu, ba ta iya tashi. Ja ce, ta rame, kunnenta na hagu a tsage. Kumburin shina baya, tsakanin ƙahwahu."

Ɗantani yana goge akwatinsa da hannun riga, yana tunanin inda zai kafa allon asibiti. Cikin duk maganar, kalma biyu ya kama: ja, da kumburi.

Ya ce, "Inna, mutumin da ya tsira wa Bature allura, akuya ce za ta gagare shi?"

"Bature an ce shina tsayawa in an ce shi tsaya."

"Ki je abinki. Kafin ki dawo tana tsallen danga."

Shekara tara a bariki ta mantar da shi abu biyu da ko yaron goye ya sani a ƙasar nan. Na farko, duk akuyar garin ja ce. Na biyu, da zarar an kwashe amfanin gona ake sakin awaki, su yi ta bin gidaje, inda duk suka ji ƙamshin dusa nan ne gidansu.

Inna na ba da baya ya kafa 'yar tutar nan kore da fari da aka raba ranar biki a kan ƙofar zaure. Ya toshe kafofin danga da tsofaffin tabarmi, ya yi shela cewa aikin asibiti ba a kallonsa. Ya dafa sirinji a tukunyar miyar Inna, ya sa farar riga, sannan ya shiga neman majinyaciya. A ƙarƙashin rumbu ya ci karo da wata ramammiyar akuya, gashi a tashe, ƙudaje na bin ta.

Ya toshe hanci, ya ce, "Ke kuma ta wace ce? Kin zo ki shafa wa akuyarmu cuta?"

A ganinsa, akuyar uwar Dakta ba za ta yi kama da wannan ba ko da tana gargarar mutuwa. Ya ja ta da ƙaho har kafar dangar da ke tsakaninsu da maƙwabciyarsu Kaltume, ya tura ta can. Ya bar kafar baya a buɗe don ta gida ta sami hanyar shigowa, ya zuba dusa a ƙwarya, ya zauna jira.

Da la'asar sai ga wata ja sumul ta shigo tana rangaji, ta kafa kai a dusa.

Ɗantani ya ce, "Yawwa! Jinin gida ba ya ɓuya. Sannu da jiki, madam."

Madam ta ci gaba da cin dusarta. Ya lallaɓa ya zarga mata igiya, ya ɗaure a turmi. Da ta ji tsinin allura a cinya, sai ta ɗebi turmin da gudu kamar an ɗaura mata gwangwani. Turmi ya doki randa, randa ta fashe, tsakar gida ta zama fadama. Ɗantani ya bi ta, santsi ya kwashe shi, ya taso, ya faɗa mata a baya kamar ɗan kokawa, ya danna sirinji ido a rufe. Akuya ta tsinka igiya, ta tsallake danga ba ta ko taɓa ta ba.

Ya fito yana ɗingishi, ya nufi gindin gawo inda maza ke zama. Can ya tarar da Baba Mijinyawa, tsohon majemin garin, wanda fatun awaki suka bi ta hannunsa fiye da gashin kansa.

Mijinyawa ya ce, "Dakta, mun ji ƙara. Asibitin anka buɗe ko rushe shi aka yi?"

"Baba, allura ɗaya tak. Akuyar da aka ce ba ta iya tashi, yanzu ta tsallake danga."

"Ikon Allah. Kai kuma wa zai yi ma taka, mu ga ko ka miƙe?"

Aka yi dariya, har da shi, don ya ɗauka yabo ne.

Washegari da hantsi Kaltume ta leƙo ta saman danga. Ta ce, "Ɗantani, mi akuyar Hasiya taka yi gidana? Jiya na ishe ta bakin murhuna kwance."

"Dakta, Gwaggo."

"To, Dakta. 'Yar Sifawa ce ka turo min. Zo ka ɗauka ka yi mata allurarta."

Ɗantani ya yi murmushi irin na wanda ya ga duniya. "Gwaggo, wannan dabarar ko a Jos ana yin ta. Taki ta kusa mutuwa, kina so ta sha maganin tamu a ɓagas. Tamu tana kiwo, da la'asar za ta dawo."

"Ni da munka yi shekara talatin danga guda da uwakka, ban san akuyarta ba?"

"Ido daban, ilimi daban."

Kaltume ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce, "Allah shi kawo Hasiya lahiya," ta sauka.

Da la'asar wata ja ta shigo. Wannan ta fi ta jiya tsawo, ta fi ta faɗin ƙirji. Ɗantani ya riƙe baki, ya ce, "Kwana ɗaya, wannan ƙibar! Lalle Bature ya iya haɗa magani." Yau ya zo da sabuwar dabara. Ya tuɓe farar rigar ya lulluɓa mata a ka don kada ta ga allura. Ita kuwa da ta sami kanta cikin riga, sai ta lalubo aljihu, ta zaro takardar shaidar da mai kantin Jos ya rubuta masa, ta hau ci. Ya ja, ta ja. Ya tsira da kusurwa ɗaya mai ɗauke da rabin hatimi. Cikin haushi ya soka allurar, ita kuma ta soka masa ƙaho a wando, ta farke shi daga gwiwa har ƙugu, ta fice da rigar a ka. Sai a bakin rijiyar gari ya tsinto rigar, mata na ɗiban ruwa, shi yana tafe a karkace yana riƙe da wando.

Wata ta ce, "Dakta, akuyar ce ta zama likita yau? Mun ga ita ta hito da rigar."

A rana ta uku abin mamaki ya faru. Wadda ta shigo gajeriya ce, cikinta a lafe, hantsarta cike da nono, ga 'ya'ya biyu sun biyo ta suna kuka. Ɗantani ya zauna a kan guntun randa ya yi lissafi. Inna ta ce tana da tsohon ciki. Yanzu babu ciki, ga 'ya'ya. Ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala.

Wannan ba ta yi gudu ba, tsayawa ta yi ta yi faɗa. Ta tunkuɗa shi cikin akurkin kaji, kaji suka watse, zakara ya sauka a kansa. Sai da ya kama ta da ƙafar baya kamar mai tura amalanke, suka zagaya rumbu sau uku, sannan ya sami sa'a.

A gindin gawo ya ba da labari da gashin kaza a keya. "Jama'a, ta haihu. Tagwaye."

Mijinyawa ya ajiye wuƙar da yake wasawa. "Yaushe?"

"Jiya zuwa yau."

"Ɗiyan da na gani sun hito ta bayan gidanku? Masu ƙaho?"

"Fenisilin ke nan, Baba. Yana bi ta nono."

"To a ɗiba a ba jikana. Shekara tai biyu bai yi haƙori ba."

Wani daga gefe ya ce, "Wallahi wani ciwo ya shigo garinga. Tun jiya akuyar gidanmu ke ɗingishi, cinya ta kumbura."

Wani ya ce, "Ta gidan liman ma haka."

Idon Ɗantani ya yi haske. "Kun gani? Annoba ce. Da an ba ni asibiti da tuni na tare ta. Jibi da hantsi a gayyato Mai gari, a zo da duk mai ɗingishi. Zan yi allurar ƙarshe a gaban kowa, ku ga yadda ake aiki."

Mijinyawa ya gano bakin zaren. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya tuna yadda aka yi da Kaltume, ya ce kawai, "Za mu zo. Ko da rarrahe."

Rana ta huɗu, wari ne ya fara shigowa kafin majinyaciya. Ja ce ita ma, amma ta kusa kai masa ƙugu, wuya kamar turmi, ƙaho a murɗe, ga gemu har ƙirji. Ɗantani ya ja da baya. Ya tuna a kantin Jos ya taɓa jin an ce wani magani yana sa mata gashin baki, sai hankalinsa ya kwanta. Ya zagaya ta baya ya duƙa ya leƙa, sai ga wani abu yana reto tsakanin ƙafafu.

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Ga kumburin da Inna ta faɗa. Yau ya fito fili."

Ya kai hannu zai latsa ya ji ko ya nuna.

Abin da ya biyo baya, mutanen unguwa da kunne suka gan shi. An ji gum, an ji "Wayyo Inna!", an ji gudu, an ji tsanin rumbu ya karye. Da Kaltume ta leƙo, Dakta yana bisa rumbu ya rungume hular ciyawa, dabba tana ƙasa tana tonon ƙasa da kofato. Daga can saman ya yi dabara. Ya jira ta juya, ya diro mata a gadon baya, ya soka, ta kwashe shi a guje suka afka ɗakin Inna tare. Shi ya fito da rarrafe ya ja ƙyaure ya sa sakata. Daga ciki aka fara jin jeren ƙoren Inna da tasoshinta suna saukowa ɗaya bayan ɗaya.

Ya jingina da ƙofa yana haki, ya ce, "Gwamma haka. Gobe ba sai na jira la'asar ba."

Kaltume ta ce, "Ɗantani, don girman Allah, wagga da ke wurina ko ruwa da ƙyar taka sha. Da ruwan gishiri da bagaruwa nika riƙon ranta. Ka ba ta ko guda."

"Gwaggo, saura ɗaya, kuma ta Mai gari ce ya gani."

Ranar ta biyar tsakar gidan Inna Hasiya ta cika. An shimfiɗa wa Mai gari buzu a inuwar rumbu. Ransa a ɗan ɓace yake, don tun jiya ake neman bunsurunsa, wanda duk garin ke kai wa awaki barbara, ba a gan shi ba. Mata uku sun tsaya a gefe, kowace riƙe da akuya mai ɗingishi. Abin da aka lura, tun daga zaure awakin nan suka fara turjewa. Da Ɗantani ya fito cikin farar riga mai shatin kofato, ɗauke da akwatin ƙarfe, sai duk ukun suka ƙwala kuka lokaci guda, suka nemi hanyar waje.

Mijinyawa ya ce, "Dakta, kamar sun san ka."

"Dabba tana jin kwarjinin likita, Baba."

Ya ɗura sauran maganin a sirinji, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ya yi jawabi. Ya ce Bature ya tafi, yanzu mu ne likitocin kanmu. Ya ce akuyar da aka bar masa ba ta iya ɗaga kai, cikin kwana huɗu ta yi tsalle, ta yi ƙiba, ta haifi tagwaye, ta tsiro gemu. Sannan ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ga 'Yar Sifawa," ya zare sakata.

Bunsuru ya fito da ƙwarya rataye a ƙaho. Ya tsaya, ya yi atishawa, ya ɗingisa kai tsaye wurin Mai gari, ya sa kai a cinyarsa.

Mai gari ya cire ƙwaryar a hankali, ya shafa gemun dabbar, ya ce, "Ɗantani, wanga shi ne ya haihi tagwayen?"

Wuri ya kece da dariya. Wani ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. Matar liman ta duƙa ta buɗe gashin cinyar akuyarta, ta ga ɗigon allura, ta ce, "La ilaha illallahu! Ga annobar nan tsaye da hwarar riga!" Ta biyu ta ce tata ce mai tagwaye, wata uku da haihuwa. Ta ukun ta ce ai shi ya sa tata ta kwana tana amayar da takarda.

Ɗantani ya ce, "Ranka ya daɗe, a ilimin likita ana kiran wannan rigakafi..."

Bai ƙarasa ba. Inna Hasiya ce tsaye a bakin zaure da ƙullin kayanta a ka, ƙurar hanyar Shagari har gwiwa. Ba ta jira an watse daga suna ba, hankalinta na gida. Ta dubi fasasshiyar randa, ta dubi ƙofar ɗakinta da ɓallin ƙore a warwatse. Ta leƙa ƙarƙashin rumbu. Wayam. Ta miƙe, ta yi irin kiran da take yi kullum da yamma.

Daga bayan dangar Kaltume wani siririn kuka ya amsa.

Kaltume ta shigo rungume da ita a zane, ta kwantar a gaban Inna. Ramammiya, ƙudaje na bi, kunnen hagu a tsage. Dariya ta ɗauke. Inna ta durƙusa ta taɓa cikin, ta daɗe, sai ta ji motsi. Ta ɗago kai.

"Ɗantani."

Duk wanda ke wurin ya san shekara talatin ba a taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Na'am, Inna."

"Nawa ta samu?"

Ya dubi sirinjin hannunsa. "Wannan ce za ta zama ta farko."

Ta miƙa hannu, ya ba ta. Mijinyawa ya matso ya ɗora yatsa a kan tsokar cinya, ya ce, "Nan, Hasiya. Kauce wa ƙashi." Inna ta yi bisimilla ta soka. 'Yar Sifawa ko kunne ba ta kaɗa ba, sai ma ta lashi hannunta.

Mijinyawa ya ce, "Shi ke nan? Ba randa, ba tsani?"

Inna ta ce, "Saura huɗu, ga magani ya ƙare. An ce malamin ya komo Bodinga jiya. Kai wanga, duƙa."

Ya duƙa. Aka ɗora masa akuyar a wuya, ƙafafu biyu ta nan, biyu ta nan. Ya ce ko zai tuɓe rigar, Mai gari ya ce a'a, ai likita da rigarsa ake ganinsa. Haka ya ratsa gari, Inna na biye da shi da kara a hannu, ya kama hanyar Bodinga ranar kasuwa, duk wanda ya gamu da shi sai ya ce, "Dakta, sannu da ɗaukar majinyaci." Kwana huɗu yana wannan zirga-zirga, zuwa da dawowa, don Inna ta ce akuyar ba ta kwana ko'ina sai ƙarƙashin rumbunta.

'Yar Sifawa ta tashi. Kafin damina ta haifi mace guda, ja, ba ƙaho.

Keke dai bai zo daga Sakkwato ba. Amma Ɗantani bai rasa aiki ba, don labari ya bazu cikin awakin garin fiye da yadda ya bazu cikin mutane. Duk matar da za ta yi shanyar gero ko kuɓewa sai ta aika a kira Dakta. Ya zo da farar rigarsa, ya zauna a gefen tabarma, ya ɗora akwatin ƙarfe a cinya. In ja ta doso, ya ɗan ɗaga murfin kawai.